A biya mai taka keke, ba mai sayen keke ba

A ƙasar Beljiyam, tun daga ranar 1 ga watan Mayun 2023, ma'aikacin kamfani da ke zuwa aiki a kan keke yana da haƙƙin a biya shi a kan kowace kilomita da ya taka. Ƙungiyoyin ƙwadago da na masu kamfanoni ne suka zauna suka sa hannu a yarjejeniyar, aka tsayar da senti 27 na yuro a kan kowace kilomita, har iyakar kilomita 40 a rana, zuwa da dawowa. Gwamnati ba ta cire haraji a cikin wannan kuɗi. Da shekarar 2024 ta kama ma, sai ta ɗaga iyakar abin da haraji ba ya taɓawa zuwa senti 35, domin kamfanin da ke da hali ya ƙara wa ma'aikatansa.

Mu ɗauki mutumin da tsakanin gidansa da wurin aiki kilomita 10 ce. Zuwa da dawowa 20 ke nan, wato yuro 5 da senti 40 kullum a lissafin kuɗin 2023. In ya yi haka kwana 200 a shekara, ya tashi da yuro 1,080, ban da kuɗin mai ko na bas da ya rage a aljihunsa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ba a tambayar nawa ne albashinsa, ba a tambayar sabon keke ne ko tsoho. Manaja da mai shara, in dai nisan gidajensu ɗaya ne, kuɗinsu ɗaya.

Birtaniya ta riga Beljiyam yin suna a wannan fage, sai dai wata hanya ta bi. Tun 1999 take da tsarin da kamfani zai saya wa ma'aikaci keke, a riƙa cire kuɗin kaɗan-kaɗan daga albashinsa kafin a lissafa masa haraji. Tun da albashin da haraji zai hau ya ragu, harajin ma ya ragu, ribar ma'aikaci ke nan. Jama'a da yawa sun amfana, ba na musun haka. Amma a duba yadda ribar take rabuwa. A Ingila, mai matsakaicin albashi yana biyan kashi 20 cikin ɗari na haraji da kashi 8 na inshorar ƙasa, don haka a keken fam 1,000 zai samu rangwamen kusan fam 280. Mai babban albashi, wanda ke biyan kashi 40 da kashi 2, shi zai samu kusan fam 420 a kan keke iri ɗaya. Wanda ya fi ƙarfin saye shi aka fi tallafa wa. A 2019 kuma aka buɗe ƙofar wuce iyakar fam 1,000 da aka daɗe ana bi, saboda kekuna masu batir su shiga tsarin. Niyyar mai kyau ce, amma duk yadda keke ya ƙara tsada haka rangwamen yake ƙara girma, ga wanda zai iya.

Ga inda abin ya fi yi mini ciwo. Dokar Birtaniya ta hana a rage wa ma'aikaci albashi ta wannan hanya har ya faɗi ƙasa da mafi ƙarancin albashi. Dokar don kare talaka aka yi ta, amma a nan ita ce ta rufe masa ƙofa. Mai wanke-wanke a otal, mai kula da tsofaffi, mai jera kaya a kanti cikin dare, waɗanda kuɗin bas ke cinye musu kaso mai tsoka, kuma sau da yawa suke tashi aiki a lokacin da motar haya ta yi wuya, su ne tsarin ya fi bari a baya. Mai sana'ar kansa ma bai shiga lissafi ba, tun da ba shi da kamfanin da zai cire masa daga albashi. Sannan babu wanda yake bin sawu sosai ya ga ko keken wurin aiki yake zuwa, ko kuwa ranar Lahadi kawai ake fito da shi a sha iska.

Faransa ta fara da biyan senti 25 a kilomita a 2016, ta sauya shi da dunƙulallen alawus na shekara a 2020, amma ta bar wa kamfanoni masu zaman kansu zaɓi, su bayar ko su ƙi. Amurka kuwa dala 20 a wata ta yafe wa haraji ga mai zuwa aiki a keke daga 2009, sannan dokar haraji ta 2017 ta dakatar da wannan yafiya daga 2018, alhali rangwamen da ake yi wa kuɗin ajiye mota a wurin aiki yana nan daram.

Akwai masu sukar tsarin Beljiyam, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa mutum zai iya rubuta kilomitar da bai taka ba. Gaskiya ne, a kan amana ake cike takardar neman kuɗin. Sai dai adireshin ma'aikaci yana hannun kamfani, taswira kuma ba ta ƙarya, mai zuwa da mota ba zai daɗe yana ɓoye ta ba. Wasu kuma suna cewa ana biyan waɗanda da ma can a keke suke zuwa, wato kuɗin bai sauya komai ba. Ni ban ga asara a nan ba. Mutumin da ya yi shekaru bai ƙara cunkoso a titi ba, bai watsa wa kowa hayaƙi ba, bai nemi kamfani ya tanadar masa filin ajiye mota ba, ya daɗe yana yi wa gari hidima kyauta. Kuma ita Beljiyam ɗin ta shahara da sassauta haraji a kan motocin da kamfanoni ke bai wa manyan ma'aikata, don haka mai keke ba roƙo yake yi ba, nasa rabon yake karɓa.

Amma kuɗi kaɗai ba ya sa uwa ta bar ɗanta ya hau titin da tirela ke gudu. Holan, inda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tafiye-tafiye a kan keke ake yin su, ba da alawus ta fara ba. A 1971 haɗarin mota ya kashe yara fiye da 400 a ƙasar, iyaye suka fito zanga-zanga, matsalar man fetur ta 1973 ta zo ta ƙara musu ƙarfi, daga nan birane suka shiga ware wa keke hanyarsa daban. A yau ma'aikaci a can yana iya karɓar kuɗin kilomita ba haraji, senti 23 a 2024, ko da mota ya zo ko da keke. Mai keke ne ya fi cin riba, domin ba ya sayen mai.

Mu a Najeriya mun taɓa jin wannan kira. A 2001 Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta jan hankalin jama'a su koma keke, shi da kansa ya hau zuwa aiki a Abuja, har wata bas ta ture shi cikin kwata. An yi ta yi masa dariya, amma titin ne abin zargi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, masinja da maigadi da malamin firamare da yawa sun koma keke ba tare da wani minista ya roƙe su ba.

In wata jiha ta tashi tallafa musu, ina roƙon kada ta kwafi tsarin Birtaniya. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara, sabuwar dokar haraji ta 2025 kuma ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko. Rangwamen haraji ba zai ba ƙaramin ma'aikaci komai ba, domin kusan babu abin da ake cire masa da za a mayar masa. Abin da zai amfane shi shi ne kuɗi a hannu: alawus bisa nisan gidansa, ya shigo tare da albashi kowane wata, wanda zai isa faci da taya da kaca har a samu ragowar cefane. A haɗa masa da rancen keke marar ruwa, da rumfa mai inuwa da maigadi a sakatariya da makarantu da asibitoci, saboda satar keke ɗaya tana mayar da mutum baya wata da watanni. Duk sabon titin da za a bayar da kwangilarsa a cikin gari kuma, a rubuta hanyar keke mai shinge a cikin takardar kwangilar tun kafin a fara zuba kwalta.