Baƙin allo a Kujama

Matashin da ke zaune a shagon kwamfuta a Kujama, hedikwatar ƙaramar hukumar Chikun, zai iya shiga babbar kwamfutar IBM da ke wata nahiya bai tashi daga benci ba, muddin ya dace da manhaja. Aikin irin wannan manhaja shi ne ta sa kwamfutarsa ta yi shigar tsohon allon IBM 3270 na shekarar 1971, wanda har gobe manyan bankunan duniya ke amfani da yarensa. Abin da ke damuna shi ne yaranmu su sauko da PuTTY su ɗauka magana ta ƙare. PuTTY, wadda Simon Tatham ya fitar a 1999, gwana ce wajen shiga kwamfutocin Linux ta SSH, amma ba ta jin yaren 3270. A nan x3270 ake nema, ko ƙanwarta wc3270 ta Windows, kuma duk kyauta ne, ba sai an sayi faifan bogi a kasuwa ba. Ɗabi'ar 3270 ce ta fi burge ni: kana cike allon a gabanka cikin natsuwa, sai ka danna Enter ya tafi a dunƙule. Ga mai fama da sabis ɗin da ke rawa da zarar hadari ya haɗo ta hanyar Kachia, wannan sauƙi ne babba, ga shi ba ya cin data sosai. Sai dai a kunna TLS mai ɓoye saƙo tukuna, domin tsohon Telnet da manhajar ke bi ta kansa tsirara yake aika kalmar sirri, duk wanda ya laɓe a kan layin zai karanta ta.