Yara sun ci gasa, kuɗin mota ya gagara

Makon jiya ɗan maƙwabcina ya kawo min takardar neman taimako. Ƙungiyar muhawara ta makarantarsu ta yi nasara a nan Kano, za su Abuja, amma ba kuɗin mota, ba na masauki. An rubuta wa ma'aikata, har yau shiru. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda fayil ke kwana a tebur. Kafin a saki kuɗin, an gama gasar an raba kofi.

Jama'a, mu daina jiran gawon shanu. Kuma don Allah a bar taron gidauniyar nan, a kama rumfa da kujeru, babban baƙo ya yi alƙawari a lasifika, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa.

Shawarata, a roƙi kaya maimakon kuɗi. Ɗan Kantin Kwari zai fi saurin ba da yadi a kan ya zaro tsaba. Telan unguwa ya ɗinka, mai gidan mai ya zuba wa bas mai, a buga sunayensu a bayan riguna. Tsofaffin ɗalibai 50, kowa ya ba da naira 2,000, an haɗa 100,000 ke nan.

Amma fa da sharaɗi: kowane kwabo a rubuta shi, a sa rasit a WhatsApp kowa ya gani. In an dawo, ko an ci ko an faɗi, a kai yaran har shago su yi godiya. Yaba kyauta tukwici, kuma baɗi ma ƙofar nan za a ƙwanƙwasa.

Allah Ya ba yaranmu sa'a.