Ku daina sayen i9 don kawai a ce kun saya: zare kan haɗa kwamfutar gem 🧵

1/ Jama'a, yau dai sai na yi magana, wanda zai ji haushi ya ji. Jiya wani ƙanena ya turo min jerin kayan da zai saya ya haɗa kwamfutar gem "ta manya". Kuɗin da ya shekara biyu yana tarawa. Ina gama karantawa kaina ya yi ciwo.

2/ Ga jerin: furosesa Core i9-14900K, RAM 64GB mai fitilu, fanka tara masu canza launi, katin girafik RTX 4060 mai 8GB, sai fawa saflai da ko suna babu a jikinsa. Monita fa? Wai tsohuwar ta ofis mai 60Hz za ta yi. Kai jama'a.

3/ Na ce wa ya tsara maka wannan? Ya ce mai shagon ne. To ba zan kama suna ba, amma masu shago ku ji tsoron Allah. Kun gane yaran nan i9 kawai suka sani, shi kuke ɗora musu, sauran kayan ku cike da abin da ya daɗe a kanta.

4/ Maganata ɗaya ce: kwamfutar gem daga monita ake fara lissafinta, sai katin girafik, sai wuta. Furosesa na huɗu ne. Duk wanda ya fara da furosesa ya fara gini daga rufi.

5/ Me ya sa monita? Monita mai 60Hz hoto 60 kawai take nuna maka a daƙiƙa. Ko injinka na fitar da firem 300, idonka 60 zai gani. Ka fara yanke shawara: 1440p mai 165Hz ko sama, ko kuwa 4K. Wannan amsar ce za ta gaya maka katin da kake buƙata.

6/ Katin girafik shi ne jakin da ke ɗaukar kaya. Yadda kake ƙara ƙudurin hoto, haka nauyin ke ƙara komawa kansa. A 4K, sau da yawa ka canza furosesa mai kyau da wadda ta fi ta tsada, firem ɗinka da kyar zai motsa. Canza kati ka ga bambanci nan take.

7/ Kuma a bar maganar 8GB a injin da ake kira babba. Tun 2023, da The Last of Us Part I da Hogwarts Legacy suka fito a kwamfuta, masu katin 8GB suka fara kuka in sun ƙure saitin. Yau in kana da kuɗi, kar ka sauka ƙasa da 16GB.

8/ Ga masu 16GB da farashin da kamfanoni suka sa musu a dala lokacin fitowa a 2025: RX 9070 XT 599, RTX 5070 Ti 749, RTX 5080 999. Babban yayansu RTX 5090 mai 32GB, 1,999. A kasuwa za ka same su sama da haka, amma ka ga tsanin.

9/ Mu dawo kan i9 ɗin. 14900K tana da kwa 24, gaskiya ne. Amma 8 ne manya, 16 ƙanana ne na ayyukan gefe. Yawancin gem ba sa cin moriyar wannan taron. Abin da suke so shi ne ma'ajiyar kusa mai yawa a cikin furosesar kanta.

10/ Shi ya sa Ryzen 7 7800X3D da ƙanwarta 9800X3D, masu kwa 8 kacal da ma'ajiyar L3 ta 96MB, suke kan gaba a gwaje-gwajen gem. 7800X3D ta fito a dala 449, 9800X3D a 479, 14900K kuwa 589. Ka biya fiye, ka samu ƙasa. Ina wayon?

11/ Kar kuma a manta 2024. Intel da kanta ta amsa cewa wasu furosesoshinta na zubi na 13 da 14 suna samun matsala saboda wutar da ke shigarsu ta yi yawa. Ta fitar da gyara ta BIOS, ta ƙara garanti da shekara biyu. In na hannu za ka saya, wa ya san wahalar da ta sha?

12/ Na san za a ce min "ai ina editin bidiyo". Madalla. In aikinka kenan kuma da shi kake cin abinci, sayi mai kwa da yawa, ban hana ka ba. Amma ka faɗa wa kanka gaskiya: bidiyo nawa ka haɗa a watan jiya, awa nawa ka yi kana buga Call of Duty?

13/ Yanzu wuta, inda ake yi wa mutane mugunta. Fawa saflai in ya mutu zai iya tafiya da sauran kayan. Ka zuba miliyoyi a kati sannan ka yi rowa a nan? Tambarin 80 Plus ma tattalin wuta yake nunawa, ba shaidar inganci ba ce.

14/ Yi lissafi. RTX 5090 na jan wat 575, 14900K na kaiwa 253. Wat 828 kenan kafin fanka da sauran kayan. Nvidia da kanta wat 1000 ta ce a nema wa 5090. Nemi mai ATX 3.1, kuma ka danna wayar katin har ta shige gaba ɗaya. A 2022 an ga bakin wayar 4090 na narkewa.

15/ Turawan YouTube da kuke kwaikwayo ba su san zafin Afrilu a Kano ko Maiduguri ba. Duk wat ɗin da injin ya sha, zafi yake komawa a ɗakinka. Ga ƙurar hunturu. Akwati mai raga a gaba da matatar ƙura ya fi maka mai gilashi ta ko'ina.

16/ Kuma NEPA ba ta san kana tsakiyar wasa ba. Sa UPS a cikin kasafin tun farko. Lura: VA ba wat ba ne, da yawa masu 1000VA wat 600 suke ɗauka. Ƙaramin janaretan nan na caji da fanka kuwa, kar ma ka gwada.

17/ Inda za ka rage kashewa: RAM 32GB DDR5-6000 ta isa, ka dai kunna EXPO a BIOS. SSD na PCIe 4.0 mai 2TB ya wadatar, gem ba ya jin bambancin na 5.0 sosai. Madabod B650 ko B850 mai kyau za ta riƙe X3D lafiya. Fitilu ba sa ƙara firem ko ɗaya.

18/ Ƙanen nawa mun zauna mun sake jerin. i9 ta fita, rabin RAM ya fita, fanka tara suka koma huɗu. Kuɗin ya koma kan kati mai 16GB, fawa saflai na kirki da monita 1440p. Har yanzu yana ɗan ƙunƙuni wai abokai za su tambaye shi "i nawa ce?"

19/ Na ce masa in sun tambaya ya zaunar da su gaban monitar. Wanda ke ganin na yi wa i9 rashin adalci ya kawo gwajin gem, mu duba tare. Mai shirin haɗawa kuma ya ajiye jerinsa a ƙasa kafin ya tura kuɗi, zan duba bayan isha'i in sha Allah.