A auna mana ƙasa kafin gishiri ya cinye albasa

Duk mai sayar da albasa a Galmi, Tsarnawa ko Birnin Ƙonni ya san farashin buhu da safe, ya san na maraice, ya san kuɗin mota zuwa Abijan ko Akara. Abin da yawancinmu ba mu tambaya shi ne halin da ƙasar da ke haifar da wannan albasa take ciki. Alhali kuwa da yawa daga cikin ƴan kasuwa, maza da mata, su ne ke bai wa manomi bashin iri da taki da man injin ban ruwa tun farkon rani, a kan zai biya da albasa. Ke nan jarinsu yana binne cikin garka wata uku zuwa huɗu, kuma abin da ruwa ke yi a ƙarƙashin garkar ya shafi aljihunsu kai tsaye.

Iyayenmu mata za su fi kowa saurin gane maganar. In aka bar tukunyar miya bisa wuta, ruwa yana ƙonewa, gishiri kuwa ba ya zuwa ko'ina, sai miyar ta yi ta ƙara zartsi. Haka ƙasarmu take. Kowane ruwan ban ruwa, na rijiya ne ko na madatsa, yana ɗauke da ɗan gishiri ko da harshe bai ji shi ba. Rana ta shanye ruwan, gishirin ya zauna. In kuma ruwan ƙasa ya matso kusa, sai ya riƙa hawowa sama kamar yadda kananzir ke bin lagwani, ya bushe, ya bar farin ɓawon nan mai kama da kanwa a bakin fangali. Abin da ke wanke shi shi ne isasshen ruwa da zai ratsa ƙasa ya wuce saiwa, tare da magudanar da za ta fitar da shi daga fili.

Albasa kuma ba ta da haƙurin gishiri. A ma'aunin da hukumar abinci ta duniya FAO ke aiki da shi, alkama tana jurewa har zuwa 6, auduga har 7,7, amma albasa tun daga 1,2 take fara ja da baya, kuma kowane ƙarin 1 yana cinye kusan kashi 16 cikin ɗari na amfani. A harshen kasuwa, wurin da ya saba ba da buhu 100 zai ba da 84, manomi na zargin iri, ɗan kasuwa na zargin manomi.

Takin zamani shi kuma ƙasa yake bi. Wani sashe na takin da ake kira ure, bayan ya narke ya canza, ba ya manne wa ƙasa, duk inda ruwa ya nufa nan yake nufa. Saiwar albasa ba ta da zurfi, galibinta ba ta wuce santimita 30 ba. In aka cika ruwa, musamman a ƙasa mai rairayi, takin ya wuce saiwar, kuɗin da aka saye shi ya tafi a banza. Mafi muni, ƙarshen tafiyarsa ruwan rijiya ne, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada wannan sinadari ya wuce miligiram 50 a kowace lita, saboda illarsa ga jarirai. Wanda ya tsaya a saiwa ma, in ya yi yawa, albasar takan yi girma da ruwa-ruwa, ta kasa jimirin rudu. Mai ajiya don jiran tsada ya san wannan hasara ba sai an faɗa masa ba.

To, duk wannan tafiya ta ruwa da gishiri da taki, masana sun daɗe da iya lissafa ta. A 1856 wani injiniyan Faransa mai suna Darcy ya auna yadda ruwa ke ratsa yashi a garin Dijon. A 1931 wani Ba'amurke, Richards, ya fitar da lissafin tafiyar ruwa cikin ƙasar da ba ta jiƙe sharaf ba, irin tamu ke nan. Daga baya masu binciken gishirin ƙasa a Riverside ta jihar Kalifoniya, inda su ma ban ruwa suke yi cikin fari, suka zuba wannan lissafi cikin kwamfuta da sunan HYDRUS. Ana gaya mata irin ƙasar, yawan ruwan da ake zubawa, zafin rana da gishirin da ke cikin ruwan, ita kuma ta nuna inda ruwan zai kai bayan kwana kaza, da zurfin da gishiri zai taru bayan shekara kaza. Daidai yake da lissafin da ɗan kasuwa ke yi kafin ya yi lodi, ya san riba ko faɗuwa tun mota ba ta tashi ba.

Sai dai lissafi da mudun ƙarya ba ya fitar da gaskiya. Lakar fadamar Maggiya daban, jigawa daban, tudun marmara na Illela daban. Dole sai an tona an auna tamu ƙasar, fili-fili, ba a ɗauko adadin wata ƙasa a liƙa mana ba.

Mutanen Illela sun riga sun nuna cewa abin da aka yi a bisa ƙasa yana sauka har cikin rijiya. A 1989 wasu manoman yankin, ta hanyar aikin FIDA na Badagishiri, suka je Yatenga a Burkina Faso, suka dawo suka inganta tassa, wato ramukan da ke tare ruwan sama da taki a faƙo. Faƙon da ba mai so har ya koma abin saye da sayarwa. A ƙauyen Batodi ruwan rijiyoyi ya hau da kusan mita 14 tsakanin 1994 da 2004, mata suka kafa garake. Abin farin ciki ne, amma hanyar da ruwa ya bi ya cika rijiya, ita ce kuma duk abin da ya narke cikinsa zai bi.

Babban filin ban ruwa na Ƙonni, wanda aka gina tsakanin 1976 da 1982, ya fi hekta 2400, yana shan ruwan madatsun Mozage da Zango. An sake gyaransa da tallafin Amurka bayan yarjejeniyar 2016. Siminti da ƙofofin ruwa abu ne da ido ke gani, shi ya sa ake kiran baƙi a buɗe su. Gishirin da ke taruwa a ƙarƙashi ba a yi masa biki, shi ya sa muke tsoron a manta da shi.

Don haka muna kira ga ONAHA mai kula da filayen, da cibiyar binciken noma INRAN, da jami'ar Tawa, su riƙa auna gishirin ƙasa da ruwan rijiyoyi a Ƙonni, Galmi da Illela sau biyu a shekara, kafin dashe da bayan cira. Su yi lissafin, su fito da shi cikin Hausa a gidajen rediyo: wane fangali ke buƙatar wanki, ruwa nawa, taki nawa, a wane lokaci. Ƙungiyoyin manoma su yashe magudanan fitar da ruwa kamar yadda suke yashe na shigowa. Ƙungiyar masu sana'ar albasa ANFO kuwa, ta ware wani abu daga kuɗin da ake tarawa ta sayi na'urar awon gishiri, wadda ake riƙewa a hannu, a kowace babbar kasuwar albasa. Ku kuma Alhazai da Hajiyoyi masu ba da bashi, a wannan ranin kafin ku ƙirga wa manomi jika ko ɗaya, ku tambaye shi ko an auna garkarsa, da kuma buhun taki nawa yake niyyar zubawa.