Saurin Harbi, Ba Sunan Bindiga Ba, Shi Ne Abin Da Ya Kamata Doka Ta Auna

A ranar 1 ga Oktoba, 2017, wani mutum guda ya harba harsasai sama da 1,000 cikin kimanin minti 10 a birnin Las Vegas na Amurka, aƙalla mutane 58 suka rasu. Bindigoginsa irin waɗanda doka ta yarda a saya ne, masu fitar da harsashi ɗaya a kowace latsawar kunama. Abin da ya ƙara musu kawai shi ne wani gindi mai zamewa.

Ilmin da ke ciki ba mai wuya ba ne. Ƙa'idar Newton ta uku ta nuna cewa idan harsashi ya fita gaba, lalle bindiga ta yi tsalle baya. Gindin nan yana barin bindigar ta zame baya, hannun maharbi kuma yana tura ta gaba, sai kunama ta riƙa bugun yatsan da ke tsaye wuri guda. Da haka ake samun harsasai 400 zuwa 800 a minti. Gwamnatin Amurka ta haramta na'urar a 2018, amma a Yunin 2024 Kotun Ƙoli ta soke haramcin, alƙalai 6 suka rinjayi 3, saboda dokarsu ta 1934 ta bayyana bindiga mai sarrafa kanta ne ta fuskar motsin kunama, ba ta fuskar yawan wutar da take fitarwa ba.

To, mai karatu zai ce mene ne haɗin wannan da Kankiya ko Kusada? Haɗin shi ne, Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959, da tsufanta, ta fi tasu hangen nesa a nan. Ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, lasisinta na hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar farauta ta zamani, sai Sufeto Janar. Amma duk bindigar farauta da aka sa wa na'urar ɗura harsashi, ta fita daga wannan aji, ta koma cikin haramtattu waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Watau ma'aunin shi ne sauri.

Sai dai doka a takarda daban, daji daban. Manomin Kusada da ke kwana da bindigar toka yana harbi ɗaya ne, kafin ya sake ɗuri, mai AK-47 ya zazzage gidan harsashi mai cin 30 cikin daƙiƙa uku, domin tana iya fitar da kimanin 600 a minti. Wannan gibi ne ya sa a 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya ce jama'a su nemi makamin kare kansu, kuma a 2023 Gwamna Dikko Radda ya kafa rundunar tsaron al'umma. Ban ga laifin mai neman kare iyalinsa ba. Amma raba wa ƙauyuka bindigogi masu sauri, kamar yadda wasu ke kira, magani ne mai barin ciwo, don kuwa bindiga ta fi rikicin da ya kawo ta tsawon rai, kuma rigimar gona ko ta siyasa na jiran ta.

A 2024 an sa hannu kan dokar da ta ba Cibiyar Taƙaita Ƙananan Makamai ta Ƙasa gindin zama. Abin da ya rage, a ganina, shi ne ɗan majalisar Kankiya da Kusada da Ingawa ya kai ƙudurin da zai ambaci na'urorin ƙara sauri da manyan gidajen harsashi da sunansu, ya tsananta hukunci kan masu safarar harsashi, wanda in babu shi AK-47 sanda ce kawai, sannan a yi wa maƙeranmu na bindigar toka rajista maimakon a bar su suna aiki a ɓoye.