Wane Man Shafawa Ya Kamata Mu Ji Tsoro?



Hunturu ya kama a Potiskum, ko'ina ana kukan kaushi, faso da fashewar leɓe, masu sayar da man shafawa kuma kasuwarsu ta buɗe. A irin wannan lokaci ne saƙonni ke yawo a WhatsApp cewa duk man da aka rubuta "acid" a jikinsa guba ne mai cin fata. Har akwai iyayen da suka zubar da man yaransu don sun ga Stearic Acid a bayan kwalba. Mun fahimci dalilin tsoron, domin asid ɗin da kunnenmu ya saba da shi shi ne ruwan batir. Sai dai a ganinmu an bar jaki ana dukan taiki.

Wannan sinadari wani nau'in maiƙo ne, fari, mai tauri kamar kakin zuma, ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 69. Sunansa ma daga kalmar Girkanci aka samo shi, mai nufin kitse, kuma wani masani ɗan Faransa, Michel Chevreul, ya yi bayaninsa a littafinsa na 1823. Kitsen shanun da ake hada-hadarsu duk Laraba a kasuwarmu yana ɗauke da shi. Man kaɗanya da kakanninmu suka shafa wa jarirai yana da shi, yakan kai kusan kashi 40 cikin 100. Shi ya sa man kaɗanya ke daskarewa cikin sanyi. Ke nan mun daɗe muna shafa shi, har muna ci a abinci, sunansa na boko ne kawai ba mu sani ba.

Aikinsa a man shafawa sananne ne. Ruwa da mai ba sa haɗuwa, shi kuma yana taimakawa su zauna tare, ya ba man kauri. A sabulu yana ƙara ƙwari da kumfa mai laushi. A fata yana taimakawa wajen tsare danshi. Ba ya sa mutum ya yi fari, ba ya ƙona fata.

Tambayar da ta dace a kansa ita ce daga ina aka samo shi. Kamfanoni da yawa suna tace shi daga manja, musamman na Malesiya da Indonesiya. Wasu daga kitsen dabba suke samo shi, dabbar kuma tana iya zama alade, kuma ba kasafai ake rubuta hakan a kwalba ba. Wanda abin ya dama sai ya nemi mai tambarin halal, ko wanda aka bayyana cewa daga tsirrai aka yi shi, ya kuma tambayi malamai hukuncin.

Inda haɗarin yake shi ne man "haɗi" da ake ɗurawa a roba, babu suna, babu jerin abin da ke ciki, babu lambar NAFDAC. Wasu masu haɗa shi suna zuba hydroquinone, ko magungunan ciwon fata masu ƙarfi irin su clobetasol, waɗanda likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta su, na ɗan lokaci. Wani ma ana samun zaiba a ciki, wadda ake rubutawa mercury. Sakamakon ba ɓoyayye ba ne: fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, miki ya ƙi warkewa da wuri. Zaiba kuwa ƙoda take lalatawa, tana kuma iya isa ga ɗan da ke ciki. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya. Duk da haka amare na shafa irin wannan haɗi makonni kafin biki, wasu iyaye har yara ƙanana suke shafa wa.

Don haka muna kira ga mai saye ya juya kwalba ya karanta, in bai iya ba ya ba ɗansa ɗan makaranta ya karanta masa. Man da ya faɗi abin da ke cikinsa ya fi wanda ya yi shiru aminci. Masu shaguna da masu gyaran jikin amare su ji tsoron Allah, kada ribar yau ta zama kuɗin wankin ƙodar wata gobe. Mu maza kuma mu daina yabon hasken da muka san na kanti ne, domin yabonmu na cikin abin da ke tura mata. Wadda ta daɗe tana shafa haɗi ta ga likita kafin ta daina, saboda yankewa kwatsam na iya tayar da fata.

Man kaɗanya mai kyau ya ishi yawancinmu fita hunturu lafiya, kuma kuɗinsa bai kai na haɗi ba. Ku tura wannan ga dangi da maƙwabta. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.