Ba a yi wa hawainiya auren dole

A Turai da Amurka akwai masu kiwon hawainiya cikin keji, kamar yadda ake kiwon tantabara a Madawa. Wadda suka fi kiwo ita ce ta ƙasar Yaman. Ɗaya daga cikin wahalhalunsu kuwa barbara ce, domin macen ba ta karɓar namiji sai ta ga dama. In ta yarda, sai ta yi lamo, launinta kore shar. In ta ƙi, sai ta rikiɗa ta yi baƙi, ta wage baki tana huci. Gwanin kiwo nan take yake raba su, ya ƙosar da ita da fara, bayan ƴan kwanaki ya sake gwadawa. Mai gaggawa sau da yawa asararta yake yi. In ciki ya shiga, sai ta tona rami a ƙasa mai laima ta binne ƙwai, su yi wata 6 ko fiye kafin su ƙyanƙyashe.

A Buza da Keita ba ta bukatar keji, itace take bukata, kuma ya samu: dogon yaron kwarin Majiya tun 1975, dashen furojen Keita tun 1984. Ɗan kasuwar da ke kwaɗayin kama ta ya kai wa Turawa, to hawainiyarsa ta kiyayi ramar duwan. Tun 1977 tana cikin jerin yarjejeniyar CITES, wadda Nijar ta shiga a 1975, kuma ba ta ƙetare iyaka sai da takardar izini.